Majigin da Na Zaɓa wa Idon Yaya

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ba ni kunne. Wannan da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, ko da yake da bakin tatsuniya zan faɗe ta, don shi ne bakin da Allah ya ba ni. Ban taɓa zama a aji ba. Ina faɗa ne, autata tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta tsallake inda na yi daidai, kada kuma ta tsallake inda na yi kuskure.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da Yaya. Da mijinta ya rasu, ta dawo wurina a Gubuchi, na gyara mata ɗaki kusa da rumbu. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, tela ne, ya tafi Jidda neman abinci. Can ya yi aure, can aka haifa masa ɗa namiji. Idan ya taho gida komawa za ta yi masa wuya, saboda haka bai taho ba. Yaro ya yi wayo, ya yi tafiya, ya fara magana, kakarsa ba ta san kamanninsa ba.

Ba don ba a turo hotonsa ba. Ana turowa, har da mai motsi, a wayar auta, wadda ke aiki a wani ofis a Ikara, tana zuwa mana duk Juma'a da yamma. Amma yanar ido ta kama Yaya, duka idanu biyun. Likita a Zariya ya ce za a iya yin aiki idan sukarinta ya sauka, sukari kuwa ya ƙi sauka. Bara tana gane ni tun daga bakin zaure. Bana sai na zo tsakar gida. Duk wanda ke zaune da ita ya san inda abin ya nufa.

Sai ta karɓi wayar ta kai ta har kan hancinta, ta juya ta nan, ta juya ta can. Muryar yaron tana fita, yana kiran wani abu da harshensu na can, uwarsa tana dariya.

"Me kika gani, Iya Babba?" in ji auta.

"Wani abu yana motsi, kamar tarwaɗa a ruwan kududdufi. Karɓi, hannuna ya gaji."

Yaya ba mai kuka ba ce. Ni dai na san ba hannun ne ya gaji ba.

Wata Juma'a auta ta zo da magana. Ta ce an yi taro a ofishinsu, an kawo wata na'ura da ke jefa hoto a bango, ƙato guda.

Na ce, "Majigi kike nufi."

"Inna, ina kika san majigi?"

"Ji yarinya. Tun ban yi ɗaurin ƙirji ba na ga majigi a fili a Makarfi. An nuna mana yadda ake zuba takin zamani a gona. Mutum ya fito a jikin bango, kansa ya kai randa."

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Kansa ya kai randa. Na dubi auta, ta dube ni. Idan fuskar yaron nan ta kai randa, ko ta fi, Yaya za ta gan shi.

Nan take auta ta fara latsa waya, wai za ta zaɓi ɗaya a turo mata daga Kano a mota. Na ce a'a. Idan za mu saya wa yaro takalmin salla ba ma tafiya kasuwa haka kawai. Kara muke karyawa daidai tsawon ƙafarsa, mu ƙulle a gefen zane, mu je mu zura a cikin kowane takalmi har mu sami wanda ya yi. Yaya ba za ta iya hawa mota zuwa shago ba. To sai na auna idonta in tafi da shi.

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma kusa da ita, na ɗauko wani tsohon mayafina mai shara-shara, launin toka.

"Yaya, me ke can gindin mangwaro?"

"Farar akuya."

"Igiyar wuyanta fa?"

"Wace igiya?"

Na rufe fuskata da mayafin. Ga akuya, ga igiya. Na ninka shi biyu, igiya tana nan, da ƙyar. Na ninka uku, igiya ta ɓace, akuya ta koma wani farin dunƙule mai motsi. Ban yarda da gwaji ɗaya ba. Na tambaye ta turmi, ta ce tana ganinsa. Na tambaye ta taɓaryar da aka jingina a jikinsa, ta ce babu. Na duba ta cikin ninki uku: turmi yana nan, taɓarya babu.

"Ke wai me kike ta yi mini tambayoyi kamar alƙali?"

"Auna ki nake yi."

"Ni buhun masara ce?"

Na ɗan jima zaune da mayafin a fuskata, ina kallon gidan da na sani shekara da shekaru ya zama hayaƙi. Ranar na san inda 'yar'uwata take zaune. Na ninke mayafin, na sa a jaka.

Ran Asabar ta sama muka hau bas zuwa Ikara, ni da auta. Akwai wani mai shago kusa da tasha, yana sayar da waya da sola da lasifika, mutum mai faɗin fuska da son raha. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi mutanen Gubuchi har da waɗanda bai sani ba, ya ba ni kujera. Majigi uku gare shi. Ya ja ƙofar shago ya rufe, ya kashe fitila, wuri ya yi baƙi ƙirin. Na ce auta ta sa masa hoton yaron, wanda yake zaune yana cin dabino, don shi muka zo gani.

Na farko ɗan ƙarami ne, bai fi sabulun wanki ba, yana da batirinsa a ciki. Hoto ya fito a bangon shago. Auta ta yi tsalle a zaune.

"Inna, shi ke nan! Ga shi ya shiga jaka, ba ya son wuta, caji kawai."

Na fito da mayafina, na ninka uku, na rufe fuska. Mai shago ya fashe da dariya.

"Hajiya, kallo kika zo ko gidan miji za a kai ki?"

"In gidan miji ne ba ka da sadakina. Buɗe mini ƙofar nan rabi."

"Ai majigi duhu yake so, Hajiya."

"Ɗan nan, tsakar gidana ba ta da rufi. Akwai taurari, akwai wutar maƙwabta, akwai murhu. Ba a cikin tulu zan yi kallo ba. Buɗe."

Ya buɗe. Ta cikin mayafi na duba, babu komai a bango sai ɗan dishi-dishi. Na ce a sauke shi.

Na biyu ya fi girma, sabo fil a kwalinsa. Auta ta ce hotonsa tas yake, har gashin girar yaron ana iya ƙirgawa. Na ɗaga mayafi na duba, gaskiya ta faɗa. Na mayar da mayafi, sai na ga kamar an kunna fitila a bayan labule. Akwai kai, babu fuska. A nan na gane wani abu da babu wanda ya rubuta a jikin kwali: gashin gira na masu ido ne. Yaya haske take so, mai ƙarfi, wanda zai huda hazon da ke gabanta.

Na uku yana can ƙasan kanta. Na hannu ne, mai nauyi kamar dutsen niƙa, fentinsa ya goge a gefe. Ba shi da batir, sai an sa shi a wuta, kuma da aka kunna shi wata fanka a cikinsa ta fara gurnani. Auta ta yatsina fuska. Amma da hoto ya faɗa bango, shagon duka ya haskaka, har na ga kwalayen da ke bayana. Na rufe fuska da ninki uku. Ga idanu biyu. Ga baki yana tauna. Ga ɗan hannu yana kai dabino.

Na ce, "Wannan."

"Inna, dubi fa tsufansa. Kuma zai shanye batirin solarmu kafin a je ko'ina. Ranar da aka kunna shi ba ku da fitila."

"Da fitilar kananzir na haife ku duka, na yaye ku. Wannan."

Mai shagon, Allah ya yi masa albarka, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Hajiya, in gaya miki gaskiya. Ƙwan da ke cikinsa ya yi aiki. In ya mutu, sai an nemo a Kano."

Na ce, "Idon yayata in ya rufe, ko a Kano babu irinsa. Ɗaure mini."

Ya daina dariya. Ya zauna ya koya wa auta komai ina ji: taku bakwai tsakaninsa da bango, ga ɗan abin da ake murzawa har hoto ya tsaya, kada a ɗaga shi yana da zafi, kada a zare wuta sai fanka ta yi shiru da kanta, kada a bar shi raɓa ta sauka a kansa. Sannan ya tambayi bangon gidana. Na ce jar ƙasa ce. Ya ce a jar ƙasa fuska za ta fito kamar an toya ta, sai dai in sayi farin yadi kamu biyar in rataya. Har ya miƙa hannu zai nuna mini shagon masu yadi.

Na ce, "Farin yadi kamu biyar, in shiga da shi gidan da tsohuwa ke jinya, in rataya shi a gabanta?"

Ya ce, "Astagfirullah. Ban yi wannan tunanin ba."

Farar ƙasa na saya. Na jiƙa ta ta kwana, na tace, na shafe bangon ɗakin ajiya da tsumma, shi ne bango mafi faɗi a gidan, yana fuskantar gabas. Sau uku na shafe shi, kowane shafe sai ya bushe. Da na gama, kaji ma tsayawa suke yi su kalle shi.

To ga inda na yi nawa kuskuren, auta, rubuta da kyau.

Tun da na tashi, duk wani taron dare da na sani a farin wata ake yin sa. Tatsuniya a farin wata, gaɗa a farin wata, sussukar dawa in rana ta yi kaɗan a farin wata. Ba a tara mutane cikin duhu. Saboda haka da aka ce in sa rana, ban ko yi tunani ba, na ɗaga kai na ƙirga, na ce Juma'ar da ta zo daidai da sha huɗu ga wata. Na aika wa matan unguwa. Na dafa gyaɗa, na sa aka fere rake aka yayyanka.

Bayan isha'i tsakar gida ta cika. Aka fito da Yaya, ta sa zanenta mai kyau, har da turare. Auta ta kunna. Fanka ta yi gurnani, yaro ya fito a bango. Mata suka ɗauki sowa.

"Ga shi nan! Kai, tubarkalla!"

"Ji yadda yake cin dabino, ɗan Larabawa!"

Yaya ta miƙa wuya. Ta ɗaga hannu ta yi wa idonta rumfa. Aka yi ta yaba yaro ta dama da ta hagu. Can Yaya ta ce, a hankali, ni kaɗai na ji, "Ina ganin bango. Kin iya shafe."

"Yaron fa, Yaya?"

"A mai da ni ɗaki. Ba rabona ba ne."

Na kai ta da kaina. Da na fito, auta ta tare ni a bakin rumbu, ranta a ɓace. Ta ce da ma ta faɗa, tsohon kaya ne, gobe za ta mayar masa da abinsa. Na je na zauna daidai inda Yaya ta zauna, na ninka mayafi uku. Bango fari fat, yana ƙyalli kamar kwanon sha, yaro ya narke a cikinsa. Na juya bayana. Ga wata ya taso daga gabas, cikakke, ya zuba haskensa duka a kan bangon da na shafe sau uku. Masu ido suna iya raba hasken wata da na majigi. Idon Yaya ba ya iyawa.

Na ce, "Majigi ba shi da laifi. Ni na gayyato masa abokin gaba."

Auta ba ta gane ba, 'yar boko ce, kwanan wata a waya take dubawa. Na ce mata daga sha huɗu wata yana makara kullum. Gobe zai fito bayan magariba, jibi ya ƙara jinkiri, ran sha bakwai sai an yi isha'i an watse kafin ya leƙo. Tsakanin magariba da isha'i ran Litinin, duhu namu ne. Na ce ran nan in ta tashi daga ofis ta hau acaɓa ta zo.

Shawo kan Yaya ya fi zaɓen majigin wuya. Kwana biyu ba ta yi mini maganarsa ba, ni ma ban yi mata ba. Ran Litinin da safe na kai mata koko na zauna.

"Yau za a sake."

"A sake me? In sake zama a gaban mata kamar gunki, kowa na ganin jikana ban da ni?"

"Babu kowa. Ni da ke da auta."

"In ban gani ba fa?"

"In ba ki gani ba, zan ɗora shi a ka in kai shi Ikara da ƙafa."

"Da wannan gwiwar taki? Sai an tsince ki a gonar raken mutane." Ta kurɓi koko. "Ki ce ta zo."

Da aka idar da magariba na bi gida na kashe komai. Na rufe garwashin murhu da toka. Na roƙi maƙwabciyata ta juyar da fitilarta. Na kawo kujerar Yaya taku huɗu daga bango, na ɗan karkata ta gefe don kada kanta ya tare hanyar haske. Muka jira har jan da ke yamma ya mutu. Na ce auta ta kunna, kuma ta tsayar da hoton daidai inda yaron ya ɗago kai yana kallon mai ɗauka.

Fuskar ta fito, tsayinta ya kai ƙofar ɗaki.

Fanka kaɗai ake ji. Yaya ta sunkuyo gaba, ta dafa gwiwoyinta.

"Kar a motsa shi."

"Ba za a motsa ba, Iya Babba."

Ta daɗe. Ni ban kalli bango ba, ita nake kallo. Sai na ga bakinta ya fara rawa, na ce a raina yau Yaya za ta yi kuka. Ashe ba kuka ba ne.

"Wannan ne mijin nawa?" Ta tafa hannu. "Kai! Ji kunnuwa! Ke, zo ki ga kunnuwan Baba. Wallahi kunnuwan Baba ne, kamar marfin tukunya!"

Na duba. Kunnuwan mahaifinmu ne, ban taɓa lura ba duk kallon da na yi masa a waya.

Ta tashi da kanta, babu sanda, ta nufi bango. Tana shiga gabansa inuwarta ta rufe yaron.

"Ina ya tafi?"

"Ke kika tare shi, Yaya. Koma gefe."

Ta koma gefe, ya dawo. Ta miƙa hannu ta shafa kumatunsa, farar ƙasa ta kama tafinta. Ta fara yi masa tsiya irin ta kaka da jika.

"To maigida, sannu. Ka ci ka yi kumatu a can, ka bar ni nan ko kuɗin cefane babu. Ji goshi. Goshin nan nawa ne, kar uwarka ta yi mini gardama. Saki hoton ya yi tafiya in ga ko ƙafarsa a miƙe take."

Auta ta saki. Yaro ya tauna dabino, ya tashi, ya yi gudu, ya faɗi zaune, ya tashi. Yaya ta ce a mayar. Aka mayar. Ta ce a sake. Muna nan aka kira isha'i, muka yi salla muka dawo, tana cewa a sake, har batir ya yi ƙara ya ɗauke. Muka lalubi hanyar ɗaki cikin duhu, tana riƙe da kafaɗata, tana ta lissafa mini wanda yaron ya ɗauko a ido da wanda ya ɗauko a haɓa.

Daga nan abin ya zama al'adar gidan. Kwanakin duhu na kowane wata, matan unguwa suna zuwa bayan magariba da tabarminsu, auta ta sa mana fim. Amma kafin kowane fim sai an fara nuna sabon hoton da aka turo daga Jidda, kuma kujerar gaba ta Yaya ce, babu mai zama a kai.

Yanzu ku ji inda kowa ya ƙare.

Sukarin Yaya bai sauka ba. Ta yi damina ɗaya da rani ɗaya tana ganin jikanta a bango, ta ga an yi masa aski, ta ga ya sa kayan salla. Daga baya yanar ta ƙarasa rufewa, yau dare da rana kawai take rabawa. Tana nan da ranta, tana cin tuwonta, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta siffanta masa yaron daga goshi har haɓa. Wanda ya yi mata gardama ba ya shan ruwan gidan nan da daɗi.

Ɗanta yana can yana ɗinki. Ya ce bayan aikin hajji mai zuwa zai kawo iyalinsa. Mun ce Allah ya sa. Yaron an sa shi makaranta, an ce ba ya zama wuri ɗaya.

Mai shago ya bar Ikara ya koma Kudan, kusa da gidan iyayensa. Ya aiko mini da goro da ya aurar da 'yarsa ta biyu, ban samu zuwa ba.

Auta ta sami ƙarin girma a ofis, ta sayi babur nata. Har yau tana cewa majigi na biyun nan ya fi kyau.

Ni kuwa ga ni zaune. Haƙora sun ragu, baki bai ragu ba. Iyakar abin da na sani ke nan, na sauke muku shi. Kowa ya ɗauki takalminsa ya duba hanya.